Wa Ya Ƙera Motar Nan?

A cikin shekarar 1957, a unguwar Hornsey ta arewacin birnin Landan, wani injiniya da ake kira Colin Chapman ya fito da wata 'yar mota wadda ya raɗa wa suna Lotus Seven, ba ta da ƙofa, ba ta da rufin kirki, ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu, nauyinta duka-duka bai wuce kimanin rabin tan ba. Amma abin da ya sa aka daɗe ana ambatonta, baicin gudu da sauƙin sarrafawa, shi ne irin cinikin da ake yi a kanta. Mai saye yana iya cewa kada a haɗa masa, a tattaro masa ita a warwatse, ƙarfen gindi daban, inji daban, tayoyi da birki da sitiyari daban, ya kai gida ya ɗaura da hannunsa. Gudun haraji ne ya fara jawo mutane ga wannan hanya. Tun 1940 gwamnatin Ingila ta aza harajin saye a kan kayayyakin da aka gama ƙerawa, har da mota, amma motar da mutum ya harhaɗa wa kansa ba ta shiga ƙarƙashin wannan hukunci ba, bisa sharaɗin kada kamfani ya haɗa masa da littafin da zai nuna masa yadda ake haɗawa. An ruwaito cewa da Chapman ya duba dokar ya ga ba ta ce kome ba game da littafin kwancewa, sai ya sa aka rubuta yadda ake wargaza motar daki-daki, mai saye ya fara karatu daga shafin ƙarshe ya nufo na farko. Da malaman Hanafiyya da suka yi wallafe-wallafe a babin hila sun ji wannan, da sun yi murmushi. Namu na Malikiyya kuwa, masu riƙo da toshe kafar ɓarna, da sun ɗaure fuska. A 1973 aka soke wancan haraji aka kawo wani wanda bai bar wannan ƙofa a buɗe ba, a shekarar nan kuma Lotus ya sayar da haƙƙin ƙera motar ga kamfanin Caterham, wanda har yanzu yake aika wa mutane ita cikin akwatuna.

Ƙofar haraji ta rufu, amma al'adar ba ta mutu ba, har ta yi rassa a Amurka da Ostareliya da waɗansu ƙasashe, kuma a 'yan shekarun nan ta sami sabon salo, watau a ɗora wa irin wannan ƙwarangwal injin lantarki da batir a maimakon injin fetur da tanki. Galibi mai wannan aiki ba bakanike ba ne. Malamin makaranta ne, ko akawu, ko tsohon ma'aikacin da ya aje aiki, wanda ya mai da garejin gidansa maƙera, yana shiga da maraice har dare ya yi nisa. Yakan sayi ƙarfen gindi da gangar jiki daga wani ƙaramin kamfani, sa'an nan ya nemo inji da batir daga motar lantarkin da ta yi haɗari aka sayar wa masu kwance motoci, sau da yawa Nissan Leaf, wadda ta fara fitowa a 2010, gama kayanta sun yawaita a wannan kasuwa. Bayan shekaru yana fama, ranar da tayoyi suka fara juyawa, sai ya kira maƙwabta ya ce musu, "Ni na yi ta." Wannan kalma tasa ita ce mas'alar da nake so mu zauna a kanta, domin jawabinta ya taɓa tauhidi, ya kuma taɓa fiƙihu: shin gaskiya ya faɗa, ko kuwa zanen aro ne ya yafa?

Mai musa masa yana da hujja mai ƙarfi, ba kuwa daidai ba ne a raina ta. Zai ce masa, kai ba ka zana siffar motar nan ba, ba ka narka ƙarfenta ba, ba ka naɗa wayar jan ƙarfen da ke cikin injinta ba. Ilmin da batirin nan ya tsayu a kansa, mutum uku ne aka ba kyautar Nobel a kansa a 2019, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, bayan sun ƙarar da ƙuruciyarsu a ɗakunan gwaji, kuma kamfanin Sony na Japan ne ya fara kai irinsa kasuwa a 1991. Ma'adinin litiyam da ke cikinsa, mafi yawa daga duwatsun Ostareliya ko fadamun gishiri na ƙasar Cile ake samo shi. Kobalt da ake zubawa a cikin da yawa daga irin waɗannan batura, fiye da kashi biyu cikin uku na abin da duniya ke haƙowa daga Kwango yake fitowa, daga yankin Kolwezi da kewayensa, inda waɗansu talakawa ke shiga rami da diga da buhu. In aka mayar wa kowane mai rabo rabonsa, in ji mai musun, me ya rage maka in ban da ɗaure noti?

Sai dai wannan hujja, in an bi ta har ƙarshenta, takan cinye mai ita, domin ba mai gareji kaɗai za ta tuɓe ba, za ta tuɓe kowane ɗan Adam da ya taɓa cewa ya yi wani abu. Motar farko ta kamfanin Tesla, wadda ta fito a 2008, Lotus ne ya haɗa masa jikinta a Ingila, batirinta kuwa ƙananan ƙwayoyi ne guda 6,831 irin waɗanda ake sa wa kwamfutar hannu, sayo su aka yi aka jera. Ashe babban kamfanin ma mai harhaɗawa ne, garejinsa ne kawai ya fi faɗi. Malamanmu sun riga mu lura da wannan tun ba a san mota ba. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya kafa dalilin zaman mutane tare a kan cewa mutum ɗaya bai isa ya samar wa kansa ko abincin yini ba, gama alkamar da zai ci tana bukatar niƙa da kwaɓi da gashi, kowanne kuma yana bukatar kayan aikin da maƙeri da masassaƙi da maginin tukwane ne suke yi. Imamu Gazali ma ya tsaya ya ƙirga hannayen da gurasa ɗaya da allura ɗaya suke ratsawa kafin su iso ga mai amfani da su, don ya nuna wa bawa yawan ni'imar da yake ci bai sani ba. A tauhidi kuwa maganar a yanke take: fitar da abu daga babu zuwa samuwa siffar Allah Maɗaukaki ce Shi kaɗai, ba Shi da abokin tarayya a cikinta. Iyakar abin da hannun mutum ke iyawa shi ne haɗawa da rarrabewa, ya ɗauko abin da ya tarar ya gusar da shi daga wani wuri zuwa wani, ya canza masa siffa. Annabi Nuhu, aminci ya tabbata a gare shi, ya sassaƙa jirgi daga alluna da ƙusoshi, bai halicci itace ba. Annabi Dawuda ya saƙa sulke, bai halicci ƙarfe ba. Amma duk da haka an jingina musu aikin, aka kuma yabe su da shi.

Kada dai a ɗauka da wannan na daidaita Chapman da mai bin littafinsa, domin darajoji suna nan, kuma musun su zalunci ne. Wanda ya zauna ya auna, ya ƙaddara inda kowane ƙarfe zai tsaya da nauyin da zai ɗauka, a fannin nan mujtahidi ne. Wanda ya karɓi akwati ya bi umarni shafi bayan shafi, muƙallidi ne, ko da ya ƙware. Taƙlidi kuwa ba aibi ba ne ga wanda bai kai matsayin ijtihadi ba, bal ma shi ne wajibinsa. Aibin shi ne muƙallidi ya hau kujerar fatawa. To, in ba halitta ya yi ba, ba kuma ƙirƙira ya yi ba, ta wace fuska kalmarsa za ta zama gaskiya?

A nan nake ganin wata tsohuwar mas'ala ta ilmin kalami tana da amfani, in mai karatu zai yi mini uzuri ya ɗauke ta a matsayin kusantarwa kawai, gama Allah Ya tsarkaka daga a kwatanta Shi da kamfanin mota. Mutanen farko sun yi saɓani a kan ayyukan bayi. Jabariyya suka ce bawa ba shi da kome a cikin aikinsa, tilasta shi ake yi. Mu'utazila suka ce bawa ne yake halitta ayyukansa na zaɓi. Imamu Abul Hasan al-Ash'ari, wanda mazhabarsa ta aƙida ita ce aka karantar a zaurukan ƙasar Hausa ɗaruruwan shekaru ta hanyar littattafan Shehu Sanusi na Tilimsan, ya bi tsakiya, ya ce Allah ne Mahaliccin aiki da ikon da aka yi shi da shi, bawa kuwa yana da kasabu, watau nufinsa da zaɓinsa sun haɗu da aikin, har aikin ya zama ana jingina masa. An daɗe ana yi wa wannan magana ba'a cewa ta faye siranta har ba a iya kama ta, amma abin da take tsarewa a fili yake: tana hana mutum girman kan cewa shi ne tushen abin da ya fito daga hannunsa, tana kuma hana shi uzurin cewa ba ruwansa. A kan wannan ɗan siririn rabo ne aka aza taklifi gaba ɗaya, da lada da zunubi, da hisabi. Rabon mai gareji a cikin motarsa irin wannan ne a wajen ƙanƙanta, irinsa ne kuma a wajen nauyi. Bai yi notin ba, bai yi sifanar ba, bai tsara yawan ƙarfin da za a ɗaure shi da shi ba, amma shi ne ya tsaya a daren nan, a gajiye, ya zaɓi ya ɗauko ma'aunin ɗauri ya auna, ko kuwa ya ce ai ya ɗauru. Idan notin nan na birki ne, ba wani mahaluki a bayan ƙasa da ya san abin da ya faru tsakaninsa da shi. Saboda haka ni a wurina kalmar "ni na yi ta" gaskiya ce, amma gwargwadon yadda mai faɗinta ya yarda ya maimaita ta ranar da motar ta ƙi tsayawa a mararraba.

Fuƙaha'u ba su bar wannan a fagen wa'azi ba, sun mai da shi hukunci. A mazhabar Maliku, kamar yadda ɗalibi ke tararwa a Risalar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, masu sana'a suna lamunce kayan mutane da suka karɓa suka tafi da su, ko da asalin wanda aka ba amana ba ya biya sai ya yi sakaci. An fitar da su daga wannan asali ne saboda maslaha, domin jama'a ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga tela da marini da maƙeri, kuma ba mai ganin abin da ke faruwa a bayan ƙofar shago. Gaskiya ne wannan hukunci a kan kayan wani yake, mai haɗa mota kuwa da dukiyarsa yake aiki, amma illar da aka gina hukuncin a kanta, watau aikin da aka yi a ɓoye alhali cutarsa tana faɗa wa wani, ta tabbata a nan fiye da can, domin abin da aka miƙa masa ba yadi ba ne, rayukan masu tafiya a hanya ne, waɗanda ba su ma san sun miƙa ba. Shari'a kuma ba ta yafe kisan kuskure haka kawai ba, ta ɗora diyya da kaffara, ta kuma lizimta wa wanda ya haƙa rami a hanyar mutane lamunin abin da ya faɗa ciki, ko da yana barci a gidansa sa'ad da abin ya auku. Abin sha'awa shi ne hukumar Ingila, ba tare da ta karanta Risala ba, ta iso kusa da wannan wuri. A can, motar da aka haɗa a gida ba ta hawa titi sai ta ci wani bincike na musamman da ake yi wa kowace mota ita kaɗai, mai ita ya sa hannu cewa shi ya haɗa, ya kawo rasiɗai da hotunan aikin; mai bincike ya gwada birki da fitilu da maɗaurin kujera, sa'an nan ya ɗauko wata ƙwallo mai faɗin milimita 100 ya bi jikin motar da ita, duk gefen da ta taɓa lalle ya kasance an dasashe kaifinsa. Ba don mai motar aka yi wannan ƙwallo ba. Don ƙafar yaron da zai tsallaka hanya aka yi ta. Motar da aka kasa tabbatar da shekarunta ko asalin kayanta kuwa, sai a ba ta lamba mai farawa da harafin Q, kowa ya gani ya san nasabarta tana da shubuha.

Shigowar lantarki ta ƙara wa mas'alar kaifi ta wata fuska da ban ga ana yawan ambata ba. Injin fetur abu ne na zahiri: yana tari, yana hayaƙi, yana ɗigar da mai, mai kunne yakan ji ciwonsa kafin ya kwanta, mai haƙuri kuma yana iya kwance shi har fistin ya gani da idonsa. Batir kuwa, ga mai gareji, gaibu ne. Na Nissan Leaf na farko ƙwayoyi 192 ne a cikin ƙananan akwatuna 48, nauyinsa ya kusa kilo 300, ƙarfin wutarsa kimanin bolt 360, alhali wutar da ke soket ɗin gida a Ingila 230 ce. Ba ya ƙara, ba ya wari, kuma ba a kashe shi yadda ake kashe inji, wutar tana nan cikinsa ko an cire makulli, shi ya sa ake yi wa manyan wayoyinsa launin ruwan lemo don gargaɗi, ake kuma sa safar roba ta musamman kafin a taɓa. Ƙwayoyin nan tafiyarsu irin ta ayarin raƙuma ce, wanda ya fi rauni shi ke yanke wa kowa zango: in ɗaya ta cika ta wuce kimanin bolt 4.2, ko ta zube ƙasa da haddinta, ko ta yi zafi, tana iya kamawa da wuta daga cikinta, ta kunna ta kusa da ita, wannan ta kunna ta gaba, wutar da ke da wuyar kashewa, mai iya sake tashi bayan an zaci ta mutu. Abin da ke tsakanin mai motar da wannan musiba wata 'yar na'ura ce mai lura da kowace ƙwaya tana daidaita su, wadda shi bai rubuta lissafin da ke cikinta ba, ba ya kuma iya karanta shi. Ga shi nan dai, iliminsa ya ragu, taƙlidinsa ya ƙaru, amma lamunin da ke wuyansa bai ragu da ƙwayar zarra ba. Yaran da suka fara Ahalari sun san cewa ba a shiga aiki sai an san hukuncinsa, wanda bai sani ba kuma ya tambayi masana. Ina ganin wannan ƙa'ida ta hau kan mai taɓa wayar ruwan lemo kamar yadda ta hau kan mai alwala, kuma kiran ƙwararren mai aikin lantarki ya duba haɗin kafin a saki wuta ba ya rage masa kome daga kalmarsa.

Abin da ke hana mutane wannan kira, mafi yawa, ujubu ne, ba rashin kuɗi ba. A 2012 waɗansu malaman jami'a uku a Amurka suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi, inda suka nuna cewa mutum yakan ɗora wa abin da ya harhaɗa da hannunsa daraja fiye da irinsa da wani ya haɗa, ko da nasa ya fi muni, har suka laƙaba wa wannan hali sunan kamfanin IKEA mai sayar da kujeru da kabad a warwatse. Masu tarbiyyar zukata ba su bukaci gwaji ba kafin su san wannan cuta, sun daɗe suna faɗin cewa mai ganin kyan aikinsa shi ne na ƙarshen ganin aibinsa. Ban ce jin daɗin aikin hannu laifi ba ne. Ni'ima ce, kuma mutumin da ya san kowace waya a motarsa ya fi wanda bai san inda ake buɗe bonet ba 'yanci. Amma son da ya sa shi ya jure sanyin gareji shekara da shekaru, shi ne kuma zai rufe masa ido ga waldar da ba ta kama ba, don haka shaidarsa a kan motarsa shaidar uba ce ga ɗansa, wadda alƙali ba ya karɓa.

Mas'alar ba ta tsaya a Turai ba, ko da a can aka haife ta. A Maiduguri an sami samarin da suke cire wa ƙananan bas injin fetur suna sa musu na lantarki, masu sana'a a kasuwar Panteka ta Kaduna kuma ba su taɓa jin tsoron kwance abin da Bature ya ƙulla ba. Sai dai littafin da aka rubuta don sanyin Ingila ba ya wadatar da mai aiki a inda zafin bazara ke haura digiri 40. Batirin Leaf na farko ba shi da ruwan sanyaya shi, kuma tun 2012 masu wannan mota a jihar Arizona ta Amurka, inda ake zafi irin namu, suka yi ta kuka cewa ƙarfinsa yana raguwa da wuri. Wanda ya ɗauko irinsa daga motar da ta yi haɗari, ya rufe shi a akwatin ƙarfe ƙarƙashin kujerar fasinja, ya aje a rana a tasha, ya shiga wurin da taƙlidi ya ƙare, dole ya yi ijtihadi ko ya nemo mai yi masa, domin marubucin littafin bai taɓa tunanin wannan rana ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ranar sayarwa, gama irin waɗannan motoci ba safai suke tsufa a hannun wanda ya haɗa su ba. Da yawa daga masu wannan sha'awa haɗawar ce muradinsu, in sun gama sai hankalinsu ya koma ga wata. Motar kamfani tana tafe da sunan kamfani, mai saye ya san ƙofar da zai buga in ta ɓaci. Wannan kuwa duk tarihinta yana cikin kan mutum ɗaya. Shari'a ta haramta ɓoye aibin haja, ta ba mai saye zaɓin mayarwa in ya gano, malaman Malikiyya kuma sun tsananta cewa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani filla-filla, ba ya isar masa ya ce na sayar maka yadda ka gan ta. To, aibin da ke cikin batir ba ido ke ganinsa ba, ko mai saye ya kwana yana zagaya motar. Saboda haka abin da ya wajaba ya miƙa tare da makulli shi ne taswirar wayoyin kamar yadda ya ja su da hannunsa, ba kamar yadda littafi ya ce a ja ba, da bayanin motar da aka ciro batirin daga cikinta da irin haɗarin da ta yi, da adadin ƙarfin da ya rage masa a awon ƙarshe, da kowane wuri da ya saɓa wa umarnin kamfani don kayan da aka ce a sa sun yi masa tsada.